Sabuwar Bindigar Adjudan

Shekarar da aka kawo mana sababbin bindigogi, ina aikin gadin daji a Madarunfa. Mu ba sojoji ba ne, duk da kakin da muke sawa. Aikinmu itatuwa ne da tafki: mu hana saran ɗanyen icce, mu duba masu gawayi, mu raba rigimar masunta idan wani ya zuba koma inda aka hana. Bindiga kuwa ratayawa kawai muke yi, kuma tsofaffin da muke da su, irin waɗanda sai an ɗana kafin kowane harbi, sun girmi yawancinmu. Amma da ɓarayin shanu suka fara mai da dajin da ke wajen iyaka mafakarsu, sai manya suka ga tsofaffin nan ba za su ƙara yi ba.

Abokin sintirina a lokacin wani dattijo ne mutumin Safo, mai muƙamin adjudan. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana, kuma saura kaɗan ya ajiye aiki. Kowa Adjudan yake ce masa, ni kuwa Baba nake kiransa, don shi ya karɓe ni ranar da na fara aiki, shi ya koya mini tuƙin moto, wato babur, cikin yashi. Shi kuma yaro yake ce mini, ko da yake ina da mata da 'ya'ya a lokacin. Mutanen ƙauyuka suna jin nauyinsa. Idan ya kama mutum da ɗanyen icce ba ya zagi, sai ya zauna a kan iccen ya yi ta tambayarsa lafiyar iyali har mutumin ya rasa inda zai sa kansa.

Bindigogin sun zo daga Maraɗi cikin akwatunan katako, a ƙarshen bazara, kowace a naɗe da takarda mai maiƙo. Wani sarjan ya biyo su, ya yi mana bayani da safe ɗaya a inuwar itacen bedin da ke gaban buro, wato ofishinmu, ya koma. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne inda aka sa hannun ɗanawa. Ba kusa da kunama yake ba kamar yadda muka saba. Yana can gaba, gefen hagu, a kwance jikin wani bututu da ke bisa hancin bindigar. Sai ka miƙa hannun hagu ka buɗe shi, ka jawo shi baya har ƙarshe, sannan ka sake. Sarjan ya yi haka da tasa, wadda ta sha aiki, kamar mai buɗe ƙofar ɗakinsa.

Da ya tafi muka gwada namu, sai abu ya zama abin dariya. Wani ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, hannun ya tsaya a rabi. Wani ya ja, ƙarfen ya kuɓuce ya saɓule masa fatar tafin hannu. Ni na samu ta kai ƙarshe, amma sai da na dafe gindinta a cinya na yi nishi. Adjudan ya gwada tasa, ko buɗewa hannun bai gama yi ba. Ya juya ta, ya dube ta, ya ce, "Ƙarfe sabo ne. Ku bar dariya, ku ɗauko tsumma."

Muka shimfiɗa tabarma. Kafin kowa ya taɓa komai, sai da ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar an cire gidan harsashi, ya leƙa ya ga ba kome a ciki. Wannan ɗabi'arsa ce, ko bindigar da ya san fanko ce sai ya duba. Sannan muka zare 'yan ƙusoshin da ke riƙe da gindin, muka fito da kayan ciki. Nan muka ga abu na farko. An cika su da wani maiƙo mai kauri na kamfani, wanda ake sawa don kada su yi tsatsa a ajiya, ya daskare kamar man kaɗanya da ya kwana a sanyi. Muka wanke shi da gazuwal, wato man dizal, muka naɗa tsumma a kan sanda muka goge cikin bututun, muka shafa mai mara kauri kaɗan kaɗan. Muka mayar. An samu sauƙi, amma ba wanda zai ce abin ya gyaru.

A wannan kwancewar ne na fara ganin 'yan ƙarafan da suke jawo duk wahalar. Su biyu ne, a kan ƙarfen da ke tura harsashi, kowane bai fi ƙwayar gurjiya ba, suna mirginawa. Idan bindiga ta rufe sai su fito gefe da gefe su maƙale, su ne kullenta. Muka sa musu suna tagwaye. Na daɗe ina juya su a hannu kafin na gane cewa buɗe hannun nan da ake yi da farko ba ado ba ne. Buɗewar ce take janye tagwayen daga maƙalinsu. Mu kuwa saboda sauri muna fara ja tun hannun bai gama buɗewa ba, wato muna kokawa da kulle. Na nuna wa sauran: a buɗe shi sarai har ya tsaya, sannan a ja da ƙarfi gaba ɗaya, kada a tsaya a hanya. Wannan ya taimaka ƙwarai. Muka kuma lura ja na biyu ya fi na farko sauƙi, don a na farko har da kunamar ciki kake danne wa. Wannan ya kwantar mana da hankali cewa ba karyewa wani abu ya yi ba.

Duk da haka akwai inda hannun yake ɗan cijewa a tsakiyar hanya. Na haska cikin bututun da fitilar waya, na ga fentin ciki yana da kaushi, ga wani siririn layi mai ƙyalli inda ƙarfe yake gogar ƙarfe. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya taɓa aikin gyaran moto a garin Ɗan Isa, ya ce a ba shi magagari ya ɗan rage wurin, kafin la'asar an gama.

"Ba ka rage komi," in ji Adjudan. "Abin da ka goge ba ya dawowa. Kuma wanga ba moto ba ne, a fuskarka kake aza shi."

Ya sa shef, shugabanmu, ya kira mai gyaran makamai daga Maraɗi. Mutumin ya zo da 'yar jakarsa, ya kifa kowace bindiga, ya zura wasu siraran ƙarafa kamar reza ta ƙasa yana auna tazarar kullen. Ya ce dukansu daidai suke, ba wadda ke da aibi. Irin waɗannan, in ji shi, haka suke zuwa da tauri, maganinsu aiki. A riƙa ja ana sakewa, a kai su filin harbi, fentin zai goge da kansa, ƙarafan su saba da juna.

Haka muka yi. Kullum da yamma, shayi na kan wuta, muna zaune da bindigogi fanko muna ja muna sakewa, har masu wucewa da amalanke suka daina waiwayowa. Da aka kai mu filin harbi muka dawo, sai ka ce an canza su. Zuwa lokacin da ruwan sama ya zauna, gero ya kai gwiwa, ba mai ƙara zancen tauri.

Sai Adjudan. Shi tasa ba ta saki ba. Idan zai ɗana, sai ya kafa gindinta a ƙasa, ya juya ta, ya danna hannun da tafin damansa. Ya ce tasa daban ce, wataƙila ranar da aka ƙera ta maƙerin bai da lafiya. Muka yi dariya, muka yarda, don ba mu taɓa jin ya yi ƙorafin banza ba. Ya sake wanke ta, ya sake shafa mai, har ya ce wa shef in mai gyaran ya sake biyowa a nuna masa ita. Kuma ba ya barin kowa ya taɓa ta.

Wata safiya aka kira shi buro yana tsakiyar goge ta, ya bar ta a kan tabarma kusa da tawa. Na ce bari in ƙarasa masa. Da na haɗa ta, na buɗe hannun na ja don in ji inda take cijewa. Ta tafi sumul. Na sake ja. Ta ma fi tawa laushi, saboda yawan kulawar da ta sha. Na sake kwance ta, na ajiye ta yadda ya bar ta.

Amma daga ranar na fara tuna wasu abubuwa da na gani ban kula ba. Tun farkon damina ya daina tuƙa moto, ya ce yaro ya kamata ya yi tuƙi, dattijo ya zauna baya. Kuloci kuwa da hannun hagu ake matsa shi. Na tuna kofin shayin da ya suɓuce masa ya ce zafi ne. Na tuna ya koma rataya gorar ruwa a kafaɗar dama. Na yi ta auna yadda zan fara masa maganar, ban samu ba. Mutum ne da ko ciwon kai bai taɓa faɗa ba.

Daji ne ya fara maganar a madadina. Mun shiga sintiri can kudu, inda itatuwa suka yi duhu, muka ajiye moto muka ci gaba da ƙafa saboda laka. Da hantsi sai muka ji motsin shanu da yawa a cikin kurmi, a wurin da ba burtali. A shekarun nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Adjudan ya yi mini alama, muka durƙusa bayan wata tsamiya. Ya ce a hankali, "Ɗana." Na ɗana tawa. Shi kuma ya miƙa hagunsa, yatsun suka kama hannun suka zame. Ya sake kamawa, suka sake zamewa. Sai ya juya bindigar zai danna da dama, a cikin juyawar bakinta ya bi ta gaban ƙirjina ya wuce. Bai taɓa yin haka ba tunda na san shi. Shi da ke faɗa idan ka nuna mutum, ko da da sanda ne.

Shanun suka fito, sai ga wani makiyayi da muka sani a bayansu, ruwa ya cinye masa hanya ya ratso ta kurmi. Muka gaisa, Adjudan ya nuna masa inda zai fita, ya wuce. Na cire harsashin da na ɗana, muka zauna a gindin tsamiyar. Gumi ya jiƙa masa riga, kuma ba zafi ake yi ba.

Na ce, "Baba, rannan na ja bindigarka."

Bai dube ni ba. "Wa ya ba ka?"

"Ba wanda ya ba ni. Lafiyarta lau. Ta fi tawa."

Ya ɗora hannun hagun a kan gwiwa yana kallonsa kamar na wani. Can ya ce, "Kwanciya na yi a kansa. Zai saki."

"Tun farkon damina, Baba?"

"Yaro, mi kake so?"

"Mu tafi likita."

"In tafi likita su rubuta takarda, a zaunar da ni buro ina korar ƙuda? Saura kaɗan in gama aikina a tsaye. Ka riƙe bakinka."

Na ce masa ba zan kai maganarsa wurin shef ba, wannan ba nawa ba ne. Amma ba zan ƙara shiga kurmi da shi a haka ba, don in da ɓarayin nan ne muka haɗu da su yau, da ni da shi duk ba mai komawa gida. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Har muka iso gari, a kan moto bai dafa kafaɗata ba kamar yadda ya saba, ƙarfen baya ya riƙe.

Kwanakin da suka biyo sun yi mini nauyi. Ina gaishe shi, yana amsawa a taƙaice. Aka yi sa'a an sa mu aikin bakin tafki, wurin masunta, ba a tura mu daji ba, don haka ba wanda ya lura. Ni kuma ina ta tunanin ko na yi masa rashin kunya, mutumin da ya girmi babban wana.

Sai ga kira daga uwargidansa, wata rana bayan azahar, ta ce in na samu sarari in biyo. Na je na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta tsaya daga bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗana, kai ne kake yini da shi. Ka ga wani abu?"

Na ce, "Inna, ke mi kika gani?"

Ta ce buta tana faɗuwa daga hannunsa in yana alwala. Ta ce wata safiya, kafin ruwan farko, ya dawo daga masallaci bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa tana nauyi, kafin rana ta ɗaga ya koma daidai. Ya hana ta faɗa wa kowa, har 'ya'yansa. Ta tsaya ta gyara lulluɓi.

Muna haka sai ga shi ya shigo. Ya dube ni, ya dube ta, ya gane. Na ɗauka zai kore ni. Sai ya cire hula, ya zauna a ƙarshen tabarmar, ya ce mata ta kawo mana ruwa. Ya sha, ya riƙe kwanon a cinya ya daɗe.

"Bakin bindiga ya bi ta kanka rannan," ya ce.

"Ya bi, Baba."

"Na gani. Tun ranar ban yi barcin kirki ba." Ya ajiye kwanon. "Gobe ka zo da moto."

Da sassafe na ɗauke shi muka nufi Maraɗi. Gonaki sun yi kore shar, mata suna tafiya kasuwa, da muka kusa shiga gari sai ya ce in rage gudu, ba gobara za mu kashe ba. A asibiti muka bi layi. Likitan, wata mace mai natsuwa, ta miƙa masa yatsunta ta ce ya matse da dama, ya matse da hagu. Ta sa ya ɗaga hannuwa biyu ya rufe ido, na hagun ya riƙa sauka a hankali shi bai sani ba. Ta auna jininsa, ta sake aunawa. Bayan gwaje-gwajen da suka ci mana yini, ta ce hawan jini ne ya daɗe a jikinsa, kuma abin da ya same shi da safen nan ɗan taɓin shanyewar jiki ne, ya taɓa ya saki. Ta ce irinsa yakan dawo, kuma in ya dawo ba ya zuwa da sauƙi. Ta rubuta magani na kullum, ta hana gishiri da yawa, ta nuna masa yadda zai riƙa motsa yatsun.

Ya tambaye ta, "Hannun zai dawo?"

Ta ce, "Wani abu zai dawo, Baba. Duka dai ban yi maka alkawari ba."

Washegari shi da kansa ya shiga wurin shef, ya rufe ƙofa. Ban san abin da suka faɗa ba. Da ya fito ya zauna ya kwance bindigarsa, ya goge ta tsaf, ya kai ta ma'ajiya. Aka ba wani sabon ma'aikaci ita daga baya, kuma har na bar wurin ban ji ta ba kowa wahala ba.

Ba a zaunar da shi buro ba. Akwai wurin renon itatuwa da muke da shi kusa da tafki, inda ake shuka iri a 'yan baƙaƙen ledoji kafin a raba wa ƙauyuka. Wurin ya daɗe ba mai kula da shi sosai. Nan aka mai da shi. Makonnin farko in na biya sai in tarar da shi zaune ya juya wa ledojin baya, yana kallon ruwa. Ya ce mini an mai da shi mai ban ruwa. Ban ba shi haƙuri ba, don na san ba ya so. Sai in zauna in ba shi labarin daji, wa muka kama, wace hanya ta yanke.

A hankali abin ya shige shi. Ya fara faɗa a kan yadda ake haɗa ƙasa da taki, ya sa aka gyara shingen da awaki suke shiga, ya aika a nemo masa irin gawo da na bagaruwa daga wuraren da ya san itatuwan suna da kyau. Cika leda kuwa da hagu yake yi da gangan, yana danna ƙasar da yatsu, ya ce likita ta ce a motsa su, gara ya motsa su a kan abin amfani. Damina ta gaba sai da aka yi ta zuwa da amalanke ana ɗibar 'yan itatuwan, har daga garin Sarkin Yamma. A wurin ya cika shekarunsa na aiki, aka yi masa 'yar walima a gaban buro, ya koma Safo.

Yana nan da ransa. Hannun bai koma kamar da ba, ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba sa rufewa sosai, amma yana riƙe hauya, yana ɗaura wa jakinsa amalanke ba mai taimaka masa. Ciwon bai sake dawowa ba, Alhamdu lillahi. Nakan je gaishe shi in na samu hutu. Zuwana na ƙarshe, bayan an yi girbi, na tarar Inna ta ɓoye gishiri a inda bai sani ba, yana ta mita cewa miyar gidan ta zama ruwan tafki. Da zai raka ni ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce in zan dawo in biya Maraɗi in sayo masa kilishi, in sa a aljihu kada ta gani. Na ce to. Da na isa gida na kira Inna na tambaye ta, ta ce kada in kuskura. Gwaiba na saya masa.